Rasuwar Babba-da-jaka, Jirgin Kwali na Hawa na Tara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsun da har yanzu ɓawon gam bai gama saluɓewa daga jikinsu ba, Malam Zailani Mutawakil na hawa na tara a wani dogon benen council, wato gidajen ƙaramar hukuma, da ke Dagenham yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na nan Landan da na gida Zariya, rasuwar jirginsa, Babba-da-jaka. Marigayin ya cika jiya Laraba bayan sallar La'asar, a kan teburin cin abinci, bayan jinya ta wata bakwai. Ya bar duniya yana da shekara ɗaya da wata tara, in an haɗa da watannin da aka yi ana ƙera shi.

Kafin malamai su gyara zama, mai sanarwa ya san abin da ake karantawa idan ɗan Adam ya rasu, kuma bai karanta wa kwali ba. Hawayen dai da ya zubar na gaske ne. Matarsa Faridatu shaida ce, domin ita ta miƙa masa tsumman goge fenti ya share fuska, ya tashi da koren goshi.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, jirgin sama ne na soja, amma irin wanda ba shi da inji. A yaƙin duniya na biyu an yi irinsu: a loda musu sojoji, a ɗaura musu igiya a hanci, wani jirgin mai inji ya ja su har sama, sannan ya sake su su sauka da kansu a bayan abokan gaba. Tafiyar ɗaya ce, yawancinsu inda suka sauka nan suke ƙarewa. Babba-da-jaka ɗan ƙaramin kwafinsu ne, fikafikansa kamu guda daga wannan gefe zuwa wancan. An yi shi ne don wasan yaƙi na kan tebur, wanda manyan mutane masu furfura ke taruwa su jera 'yan sojojin dalma, su auna tazara da tef, su jefa dayis irin na ludo, sannan su wuni suna gardama a kan wanda ya riga harbin wani.

Sanadin zuwansa duniya zaman jira ne. Wata ashirin da shida ke nan fasfon Malam Zailani yana wani ofishi, tare da takardar neman izinin ci gaba da zama. Ba a ce masa e ba, ba a ce masa a'a ba. Lauyansa ya gaya masa abu biyu, ya maimaita don kada ya ce bai ji ba: ba zai yi aiki ba, kuma ranar da ya sa ƙafa wajen ƙasar nan takardar ta mutu, ƙofa ta rufe tsakaninsa da matarsa. Mutumin da ya karanci zanen gine-gine sai ga shi ba shi da aiki sai leƙa akwatin wasiƙa da safe, da bin jiragen da ke wucewa ta taga da ido. A can Zariya kuwa tsufa na ta cin ƙarfin mahaifinsa, Alhaji Mutawakil, ido ya fara hazo, kuma duk kiran waya na ranar Lahadi da tambaya ɗaya yake ƙarewa: yaushe za ka zo? Shi ne Zailani ya nemi abin da zai sa hannunsa a kai.

Wani direban bas ɗan Gana mai suna Kassim, haifaffen zangon Kumasi, wanda suka saba gaisawa a masallacin Whitechapel, shi ya ja shi kulob ɗinsu na wasan a Lewisham, wai ya fito ya sha iska. Nan ya ga tankoki da gadoji da bukkoki, duk na kwali da tsinke. Nan kuma ya tuna kakansa, Kofur Nuruddeen, wanda ya je yaƙin Bama ya dawo yana rantsuwa cewa an ɗauke su a jirgin da ba ya kuka. Masana tarihin kulob ɗin, waɗanda kowannensu ya haddace littafi goma, suka ce da wuya, wai sojojinmu a masu inji aka kai su. Zailani ya ce su riƙe littattafansu, shi abin da kakansa ya faɗa zai ƙera.

Marigayin ɗan asali ne, ba a kanti aka sayo sassansa aka harhaɗa ba. Ta wajen uwa, daga kwalayen shayi da na sabulun wanki ya fito. Ta wajen uba kuwa, tsinken tsire ne ƙashin bayansa, haƙarƙarinsa 'yan sandunan juya kofi ne da Kassim ya yi ta kwasowa daga shagon tashar bas, biyar yau, bakwai gobe, har mai shagon ta fara binsa da ido. Tagoginsa daga murfin robar dabinon azumi aka yanko su. Tayoyinsa maɓallan wata rigar sanyi ce ta Faridatu, wadda ba ta san ta ba da gudummawa ba sai da hunturu ya shigo. Fatar jikinsa siririyar takardar nan ce da ake naɗe sabon takalmi, aka shafe ta da gam sau uku, aka bi ta da fenti kore. Wata goma sha huɗu aka yi ana wannan aiki, kuma sau huɗu ana sake fiffiken hagu kafin ya yarda ya daidaita da na dama.

Alhaji ne ya raɗa masa suna. Ranar da aka kammala gangar jikin aka nuna masa ta waya, sai ya kanne ido, ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika allon, sannan ya fashe da dariyar da aka daɗe ba a ji irinta ba.

"Wannan ai babba-da-jaka ne, Zailani. Dubi maƙoshinsa!"

Suna ya zauna, ba a ko yanka rago ba.

Fasinjojinsa goma sha uku ne, sojojin dalma da Kassim ya bayar kyauta, kowanne bai wuce gaɓar yatsa ba. Goma sha biyu a mako guda aka fente su. Na goma sha ukun ne ya ci wata biyu, domin shi ne Kofur, kuma Kofur bai bar hoto ba. Hotonsa kaɗai yana cikin kan ɗansa, Alhaji. Kowace Lahadi sai a ɗaga ɗan sojan a gaban waya, dattijo yana gyara daga Zariya.

"Hancin ya fi haka tsawo. Ka ƙara masa baƙi kuma, Baba ba shi da haske."

Da silin gashi ɗaya na buroshi aka ja masa tsaga uku a kowane kunci. Sai kunnen hagu, wanda ya dawo daga Bama da giɓi a samansa. A gida an ce harsashi ne. Alhaji ya rage murya ya ce alfadarin ɗaukar kaya ne ya cije shi, amma kada sauran jikoki su ji. Zailani ya sa bakin reza ya ɗan gutsure kunnen dalmar. Watannin nan biyu su ne kaɗai Alhaji ya riƙa manta tambayarsa ta ƙarshen waya, saboda hira ta yi daɗi.

Shaidar da kowa zai yi wa marigayin ita ce ba shi da hayaniya. Bai taɓa shan mai ba, bai taɓa jan wuta ba, maƙwabta ba su taɓa buga bango saboda shi ba. Kukan da aka san shi da shi a ƙuruciyarsa, shuuuu, daga bakin mai shi yake fita, lokacin da yake zagaya falo da shi daga ƙofar kicin zuwa taga, taku shida, ya juyo. Mai haƙuri ne, inda aka ajiye shi nan za a same shi. Abin alfaharinsa shi ne rufinsa, wanda aka haɗe da fikafikai aka tsara shi yadda za a ɗaga gaba ɗaya kamar murfin tukunya, a fito da sojoji idan ya sauka.

A nan rufin ciwon ajali ya kama shi, wata Juma'a cikin watan Fabrairu. Zailani ya zaunar da mutum goma sha uku a kan bencinansu, Kofur a kujerar gaba, don ya ga ko rufin zai rufu da su a ciki. Ya rufu tsaf. Sai ya hangi bakin haƙarƙari ɗaya ya ɗan ɗago ta waje. Duk mai wannan aiki ya san ƙa'ida: a cire rufi a ajiye gefe kafin a taɓa sufa-gulu, balle mai ruwa-ruwan nan da ke bin tsaga kamar kananzir. Shi ma ya sani, har ya taɓa ja wa wani sabon shiga kunne a kai. Amma lokacin masallaci ya matso, ga doguwar tafiya a jirgin ƙasa na District line, sai ya ce ai ɗigo ɗaya ne. Ya ɗiga, ya ɗaure jirgin da robar kitson Faridatu guda biyu don ya kama sosai, ya ɗauki hularsa ya fita.

Kafin ya dawo gam ya zagaye bakin rufin kaf, ya haɗe sama da ƙasa. Tururinsa kuma ya bi tagogin ya mai da su fari fat, ko inuwar mutum ba a gani a ciki. Tun daga ranar muryar marigayin ta canza. In an ɗaga shi sai a ji ƙwal, ƙwal-ƙwal, mutanen ciki suna gangarawa daga hanci zuwa wutsiya.

Iyali sun yi iya ƙoƙarinsu wajen neman magani. An gwada ruwan goge jan farce, ya cinye fenti ya bar gam yana nan daram. An kara shi a tururin buta, fiffiken hagu, wanda dama ba da son ransa ya daidaita ba, ya langaɓe. Wani a kulob ya ce sanyi na sa gam ya yi rauni, saboda haka aka kwantar da marigayin kwana biyu a firiza. Faridatu ta dawo daga aikinta na asibiti ta buɗe neman kifi, ta yi ido biyu da shi.

"Malam, shi ma detention ka sa shi, kamar marar takarda? Don Allah ka fitar min da shi, ina da shift da safe."

Ta faɗa da wasa ne, amma maganar na fita ta ga fuskarsa, ta rufe firizar a hankali. Ran nan ba wanda ya ci abincin kirki a gidan.

Alhaji bai san da jinyar ba. In ya ce ina Baba, sai Zailani ya ɗaga jirgin a tsanake yadda ba zai yi ƙara ba, ya ce, "Yana ciki, Alhaji, suna shirin tashi." Wata bakwai suna shirin tashi.

Sau ɗaya tak marigayin ya fita aiki. Cikin watan Mayu kulob ya shirya babban wasa na dajin Bama, aka cika tebur da itatuwan soso da kogin leda. Zailani ya rungumo shi a kwali, ya canza jirgin ƙasa sau biyu yana kare shi da gwiwar hannu, har Lewisham. Da aka zo sauka ya jefa dayis, shida ta fito, wato sauka lafiya lau a daidai inda ake so. Aka tafa. Sannan aka tsaya jiran a ɗaga rufi. Shugaban kulob, wani tsohon Bature mai yawan ba da haƙuri, ya buɗe littafin dokoki ya karanta cewa sojan da ba a tsayar da ƙafarsa a kan tebur ba, babu shi a yaƙi. Kassim ya zaro 'yar wuƙarsa daga aljihu.

"Malam Zailani, jirgi ɗinka ya yi kyau, amma soja duka ya kulle ciki. Kawo in yanka shi small, five minutes kawai."

"Kada ka taɓa shi, Kassim."

Haka Babba-da-jaka ya yi awa uku a tsakiyar tebur ana yaƙi a gewayensa. Daga ƙarshe aka yanke shawarar a ɗauke shi a matsayin tudu, sojojin wasu suka riƙa ɓuya a bayansa.

Abin da Zailani bai gaya wa Kassim ba shi ne tsoro yake ji. Rufin ne ke riƙe da fikafikai, fatar kuma takarda ce, ya san in wuƙa ta shiga babu sauran jirgi. A duk watannin jiran nan, wannan ne kaɗai abin da ya fara da hannunsa ya kuma ga ƙarshensa, ba tare da ya jira sa hannun kowa ba. Akwai kuma wani abu da ya fi wannan nauyin faɗa. Ya ɗora jirgin a bakin taga, kusa da kujerar da yake wuni, su goma sha uku a rufe, shi ma a rufe, kowa na sauraron ranar da wani zai zo ya buɗe. Yana tausayinsu, amma yana jin daɗin samun abokan zama, kuma kunyar wannan daɗin ta hana shi duban Faridatu in ta tambaye shi me yake tunani.

Ranar Lahadin da ta wuce waya ta shigo kamar kullum, sai dai ƙanwarsa A'isha ce ke riƙe da ita, Alhaji yana kwance. Ya rame. Idon ya ƙarasa rufewa, yana kallon gefen da ba nan wayar take ba. Aka gaisa, aka yi ya jiki, Zailani yana ta jiran tambayar nan da ya shekara biyu yana gudu. Ba ta zo ba, kuma rashin zuwanta ya fi zuwanta tayar masa da hankali.

"Zailani, na daina tambayarka, na san ba a hannunka abin yake ba," in ji dattijon. "Amma an ce yayar matarka, Hajiya Zinatu, za ta taho ran Asabar. Ka ba ta Baba ta kawo min. Ba bauta masa zan yi ba. Kunnen nan nake so in shafa, in ji ko ka yi shi daidai."

"To, Alhaji."

Litinin ya zagaya jirgin. Talata ya zagaya shi, har ya sake leƙa akwatin wasiƙa sau uku, ko Allah zai sa a ce ga fasfo, ya ɗauki jirgin ɗungurungum ya kai da kansa. Takardar tallar abinci kawai ya samu. Ran Laraba bayan La'asar ya shimfiɗa jarida a kan tebur, ya sa sabuwar reza, ya yi bisimilla.

Ta wutsiya ya fara, da fatan 'yar ƙofa za ta isa. Ya karkata jirgin, sojoji suka zubo ɗaya bayan ɗaya, goma sha biyu. Ya girgiza, shiru. Ya haska ciki da fitilar waya, sai ga Kofur can a hanci, zaune a kujerarsa kamar yadda aka bar shi a watan Fabrairu. Ashe gam ɗin ya gangara har ƙarƙashin ƙafarsa. Duk ƙwal-ƙwal ɗin da aka yi wata bakwai ana ji, ba da shi aka yi ba. Babu hanyar isa gare shi sai ta cikin haƙarƙari, ɗaya bayan ɗaya. Ƙas. Ƙas. Fiffiken dama ya faɗi a kan jarida, na hagu ya biyo shi. Sauti na ƙarshe da aka ji daga marigayin shi ne ƙarrr, lokacin da tsinken tsiren bayansa ya tsage.

Saboda haka kada kowa ya ɗora wa gam laifin da ba nasa ba. Gam ya kwantar da shi, amma mai shi ne ya ƙarasa shi da hannunsa, kuma shi ya ce a rubuta haka. Kofur ya fito da guntun benci manne a ƙafa, fentinsa bai ko ɗaye ba. Zailani ya rufe ido ya shafa kunnen hagu da yatsa, don ya ji abin da Alhaji zai ji. Giɓin yana nan. Faridatu da ke tsaye a bayansa tun ɗazu ta dafa kafaɗarsa.

Marigayin ya rasu ya bar sojoji goma sha biyu, wasu da fasassun hanci saboda gangarawar wata bakwai, yanzu suna hutawa a kwalin ƙwai kafin Kassim ya ɗauki riƙonsu ya kai su Lewisham, inda a karon farko za su taka tebur. Ya bar maɓallai huɗu da za su koma jikin rigar da aka ciro su, da igiyar ja ta zaren ɗinki wadda ba a taɓa jan sa da ita ba, da rabin kwalbar sufa-gulu da iyali suka yanke hulɗa da ita. Ya bar Faridatu, wadda ta sanar cewa daga yau kwalin shayi shara ne a gidanta, ko da yake da safiyar nan an ga ta ɗora guda ɗaya a saman firji ba ta jefar ba. Ya kuma bar mai shi, da kujera, da taga.

Game da jana'iza, ana ba jama'a haƙuri, ba za a gaggauta ba kamar yadda muka saba, domin motar council mai kwasar kwalaye sai Talata take zuwa. Ba za a yi masa wanka ba, jikinsa ba ya son ruwa. An naɗe shi a jaridar da ya cika a kanta. Ranar Talata da ƙarfe bakwai na safe za a sauko da shi daga hawa na tara, ta lif in tana aiki, ta matakala in ba ta yi, a sa shi a kwandon kwalaye da ke bayan bene. Kassim ya yi alkawarin kama gefe ɗaya in bai fita aikin safe ba. Ba a bukatar abinci, ba a bukatar kujeru.

Kofur Nuruddeen ba zai halarta ba, tafiya ta kama shi. Jibi Asabar zai tashi, a naɗe cikin safa, a cikin gwangwanin alewa, a jakar hannun Hajiya Zinatu. Shi ba a neman takardarsa. In Allah ya yarda zai kwana Abuja, ya isa Zariya ran Lahadi kafin Azahar. Wanda ke da addu'a kada ya ɓata ta a kan kwali, ya yi wa dattijon da ke kwance, Allah ya sa gwangwanin ya iske hannunsa da ɗumi.

Malam Zailani zai yi rakiya. Zai riƙe gwangwanin da kansa daga Dagenham zuwa Whitechapel, daga nan a jirgin ƙasa na Elizabeth line har filin jirgi, zuwa daidai ƙofar da ake nuna fasfo. A nan zai miƙa wa Hajiya, ya juyo. Masu zuwa ta'aziyya ba sai sun yi waya ba. Duk ranar da suka zo, za su same shi a gida.